Ɗigon Zomo

Wata huɗu ina jiran ta.
Ta kwana uku a duwan ɗin filin jirgi,
ina ta waya, ina roƙo kada ƙanƙara ta narke.
Alzuma ya ɗauko mu a kabu-kabu,
gilasiya bisa cinyata kamar jinjiri,
muka haye gada, kogi ya janye har yashi ya fito,
rana na dukan Harobanda.

Da na buɗe, kwalbar ba ta kai ɗan yatsana ba.
Jikka ɗari uku da saba'in.
Alzuma ya leƙa ya ce: Wannan? Ko kwalli bai isa ba.
Na ce jinin zomo ne aka tace.
Ya yi dariya har ya manta da canjina.

Amma gaskiya na faɗa masa.
Can wata ƙasa an yi wa zomo allura
da guntun abin da nake nema.
Jikinsa ya harzuƙa, ya ƙera garkuwa
wadda ba ta san kowa ba duk duniya
sai wannan baƙo ɗaya.
Cikin taron dubu za ta bi ta wuce,
in ta gan shi ta cafke, ba saki.
Ban san zomon ba. Fari ne, ko toka-toka?
An ce ba ya fushi da makashinsa.
To, ni ce na rataye shi, na sani.

Anzim ne sunan abin a takarda.
A raina mahauci nake ce masa.
Yana tsaye bakin hanyar jini da wuƙa,
kitse ya zo, ya yanka, ya kasa:
wannan na tsoka, wannan na ajiya.
In ya yi ƙaranci, ko wuƙar ta dakushe,
jini ya koma romon da ya kwana.

Na taɓa ganin irin jinin.
Na babana ne, Nomau, a asibitin Tawa,
wanda ya shekara talatin yana fawa.
Likita ya ɗaga kwalba wajen taga,
samanta fari fat, sai ka ce kindirmo.
Baba ya ce: Ɗiyata, kitcen da na saida ma mutane
shi ne ya biyo ni gida.
Ba haka ba ne, Baba.
Sai dai ran nan ba ni da wata amsa.

Jiya na jera jinin mutum goma sha biyu,
kowa da layinsa bisa farar takarda.
Na jiƙa ta da madarar gari marar maiƙo
don ta toshe duk inda ba kowa,
sannan na ɗiga zomo.
Dole ta kwana cikin sanyi tana lilo.
Ƙarfe biyu na dare aka ɗauke wuta.
Arzika mai gadi ya yi ta fama da inji yana tsaki,
ni kuma na zauna bisa siminti,
faranti kan ƙanƙara, ina jijjigawa da hannu
har kiran assalatu daga Lamorde.

Da hantsi layuka suka fito.
Baƙaƙe, gajeru, kamar tsagar gado.
Na ɗaya kauri, na biyu kauri.
Na bakwai sai da na kanne ido.
Wata mai tuyar ƙosai ce daga Bukoki,
lamba kawai na sani, da shekarunta arba'in da ɗaya.
Mahaucinta na nan, amma da ƙyar ake ganin sa.

Madam Zuwera ta gyara tabarau ta duba.
Ta ce: Sau ɗaya ba shaida ba ne. Maimaita sau uku.
Na ɗaga kwalbar ga haske.
Abin da ya rage na biyu ne,
in hannuna bai yi rawa ba.